Kaji da talotalo a gida ɗaya: tambayoyin da masu ƙaramin kiwo suka fi yi, da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaita min, wasu a nan unguwarmu a Garwa, wasu ran Lahadi a kasuwar Pitowa, wasu kuma ta waya daga Marwa, Yagwa, Kusiri har Njamena, shi ne na ga gara in tara su wuri ɗaya kowa ya karanta a natse. Ina magana ne da mai kaji ashirin ko talatin a bayan gida wanda yake son ya ƙara talotalo a kai, ba mai babbar gona ba.

Malam, wai da gaske ne ba a haɗa kaji da talotalo? Ni na ga maƙwabcina ya haɗa kuma ba abin da ya same su.

Ana iya kiwonsu a gida ɗaya, amma fa kar ƙananan talotalo su taka ƙasar da kaji ke kashi a kai, kar su sha ruwa a kwano ɗaya, wannan shi ne kan maganar gaba ɗaya. Maƙwabcinka da ka gani, ka tambaye shi da kyau, sau da yawa za ka tarar manya ya sayo waɗanda sun riga sun yi ƙwari, ko kuwa sabon fili ne da ba a taɓa ajiye kaji a ciki ba, ko ƙasar yashi ce busasshiya da rana ke duka duk yini. Ka kuma tambaye shi cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe masa guda nawa suka kai wata uku. Mutane da yawa sun saba da mutuwar 'ya'yan talotalo har sun ɗauka haka halittarsu take, sai ka ji ana cewa ai talotalo ba ya raini, alhali akwai takamaiman abin da ke kashe su kuma ana iya tare shi.

To menene wannan abin da ke kashe su?

Wata ƙwayar cuta ce 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani, likitocin dabbobi na kiran cutar histomonoz, wasu na ce mata cutar baƙin kai. Hanyar da take bi ita ce abin lura. A cikin hanjin kaza can kusa da ƙarshe akwai wasu 'yan jakunkuna guda biyu, a nan wata siririyar tsutsa mai suna Heterakis take zama, ita ƙwayar cutar sai ta shiga cikin ƙwan tsutsar ta ɓuya, kaza ta yi kashi ƙwan ya faɗi ƙasa, kuma ƙwan nan yana da ɓawo mai ƙarfi, yana iya shekara biyu zuwa uku a ƙasa mai danshi da inuwa bai mutu ba. Tana ma, wato tsutsar ƙasa da ke fitowa da damina, tana haɗiye ƙwan ta riƙe shi a jikinta, ɗan talotalo ya tsinci tanar ya haɗiye shikenan ya ɗauka.

Ita kazar yawanci lafiyarta lau, tana ci tana ƙwai, iyaka ta ɗan rame, shi ya sa mai ita ba ya zarginta sam. Amma shi talotalo cikin kwana 7 zuwa 12 da shigar cutar za ka fara ganin alama, kuma in ta shiga garken ƙanana tana iya share kusan duka, don da ɗaya ya kamu yana shafa wa sauran ta ɗanyen kashinsa ko da babu tsutsar a tsakani. Zabi ma suna ɗauke da tsutsar nan kamar yadda kaji ke yi, don haka mai zabi kar ya ce shi ya tsira.

Yaya zan gane cewa ita ce?

Da farko za ka ga ɗan talotalon ya ware daga sauran, ya tsaya wuri ɗaya ya saki fukafukai har suna taɓa ƙasa, ya lumshe ido ya janye wuya, abinci ba ya ci sai dai ruwa. Sai ka duba kashinsa, zawo ne ruwan ɗorawa mai haske sosai, wani lokaci da ɗan kumfa, yana ɓata gashin bayansa. Kar ka tsaya jiran sai kai ya yi baƙi, da yawa suna mutuwa kansu bai canza launi ba.

In ɗaya ya mutu dan Allah kar ka yi saurin jefarwa. Sa leda a hannunka ka buɗe cikin da wuƙa, ka ɗaga hantar ka kalla a haske. Hantar lafiyayye sumul take, launi ɗaya. Ta mai wannan cuta za ka ga tabo-tabo masu zagaye sun watsu a kanta, tsakiyarsu ya ɗan lotsa, gefen fari-fari ko rawaya. Ka bi hanjin zuwa ƙarshe ka sami jakunkunan nan biyu, za ka ji sun kumbura sun yi tauri a hannu, in ka tsaga akwai wani daskararren abu kamar cuku ya toshe ciki. In ka ga waɗannan biyun tare to babu tantama. Ka ɗauki hoto da wayarka ka nuna wa veterinar, wato likitan dabbobi, ka binne gawar da zurfi, ka wanke hannu da wuƙar da sabulu.

Akwai magani ko allurar rigakafinta?

Allurar rigakafinta babu a kasuwa. Magungunan da aka san suna kashe ƙwayar, irin su metronidazol da dimetridazol, ƙasashen Turai da Amurka sun hana a ba dabbar da mutum zai ci saboda abin da ke saura a nama, don haka ba zan ce wa kowa ya shiga farmasi ya sayo ya jiƙa a ruwa da ka ba, wannan hukuncin veterinar ne, shi zai ce ga abin da za a bayar ga kuma kwanakin da za a jira kafin a yanka. Abin da ke hannunka kai shi ne ka yanke hanyar: ka cire marar lafiyan nan take, ka ɗauke masu lafiyan daga wannan ƙasar zuwa busasshen wuri, ka canza shimfiɗa, sannan ka riƙa ba kajinka da zabinka maganin tsutsar ciki duk wata biyu zuwa uku, musamman shigar damina da fitarta. A nan ma a kula, piperazin da aka fi sayarwa da araha manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya yi wa wannan siririyar komai sosai, ka nemi mai levamizol ko fenbendazol ko flubendazol.

Yaya, filina ƙarami ne, gidan haya nake a Marwa. Ta yaya zan raba su?

Ba sai kana da hekta ba ƙanena. Ƙananan talotalo daga ƙyanƙyasa har zuwa wata biyu, in da hali uku, ka ɗaga su daga ƙasa kawai. Keji na katako mai ƙafafu da ragar waya a ƙasa yadda kashi zai riƙa zubewa ya wadatar, ko ɗaki mai daɓen siminti da ka wanke ka shanya ka zuba ɓuntun shinkafa, wanda yake samuwa a wadace wajen Yagwa da Maga, ko garin katako mai kauri daga wajen kafinta. Mazubin ruwansu daban, na abinci daban, tsintsiyarsu daban. Da safe ka fara da su kafin ka shiga wurin kaji, kuma ka ajiye tsohon silifa a bakin ƙofarsu wanda ba a fita da shi, don a tafin takalmi ake kai musu ƙwan tsutsar ba tare da an sani ba. Yara ma a gaya musu.

Bayan wata uku sun fi jurewa amma ba wai sun fi ƙarfin cutar ba ne, babban talotalo ma tana kayar da shi. In dole sai sun fito tsakar gida ɗaya, to ka ba talotalo ɓangaren da ya fi tudu da yashi da rana, kaji su riƙe can wajen bola da gindin randa inda suka fi so dama, a ja raga a tsakani, a riƙa share kashi kullum. Kuma kar ruwan sama ya gangaro daga wurin kaji zuwa nasu.

Kwana fa? Akurki ɗaya zai yi?

A'a. Ko ba cuta ma talotalo ya fi son ya hau sama ya kwana, kuma yana da nauyi, a ƙaramin akurki zai danne kaji. Ka kafa masa sanda mai kauri a rumfa mai iska, babba ɗaya ka ba shi kusan murabba'in mita guda.

Malam, ni ba ni da injin ƙyanƙyasa. Zan iya sa wa kaza ƙwan talotalo ta kwanta a kai?

Za ka iya kuma mutanenmu sun daɗe suna yi, kazar gida uwa ce ta kirki, ta fi macen talotalo kula wani lokacin. Abin da za ka riƙe shi ne ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na talotalo kwana 28, don haka kazar za ta ƙara mako guda a kwance, ka zaɓi dakwalwa mai jiki wadda ta taɓa kwanci ta fitar, ka ajiye mata ruwa da tsaba kusa don kar ta gaji ta tashi. Ƙwan talotalo babba ne, kar ka wuce shida ko bakwai a ƙarƙashin kazar gida, in ka cika mata na gefe za su yi sanyi su lalace. In kana so ka haɗa da nata ƙwan to ka fara sa na talotalo, bayan kwana 7 ka ƙara na kaza, sai su fashe rana ɗaya.

Amma ga inda matsalar take, ita wannan uwar ita ce mai ɗauke da tsutsar da muka yi magana. Don haka ka ba ta maganin tsutsa kafin ta fara kwanci, ka yi mata sheƙa a wuri mai tsabta, in sun fito kuma ko dai ka ɗauke 'ya'yan ka raine su da kanka, wanda ni shi na fi so, ko ka tsare ta da su a keji mai raga, kar ka bari ta ja su yawon tono a bola da jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe.

Ƙwan da za a sa ma kar ya wuce mako guda a ajiye, da zafin Maris zuwa Mayu kuwa kwana huɗu ko biyar ma ya isa, a ajiye a kwarya da ƙaiƙayi kusa da randa inda ke da sanyi. Bayan kwana 10 da fara kwanci ka haska kowanne da tocila da dare, wanda ka ga jijiyoyi ja a ciki yana da rai, wanda yake wayam ka cire.

'Ya'yan talotalona sun ƙyanƙyashe lafiya amma ba sa cin abinci, kwana uku huɗu sai su fara mutuwa. Me ke faruwa?

Wannan kam yunwa da ƙishirwa ne da sanyi, ba cutar hanta ba, don ita ba ta isa ta nuna a kwana huɗu ba. Ɗan tsakon kaza da ya bushe zai fara tsattsaga da kansa, shi ɗan talotalo sai an nuna masa. Ranar farko ka kama su ɗaya bayan ɗaya ka tsoma bakin kowanne a ruwa mai ɗan ɗumi, ka barbaɗa abinci a kan kwali ka riƙa ƙwanƙwasawa da yatsa, za ka ga sun juyo sun biyo yatsan. Dafaffen ƙwai da aka marmasa da ɗan yankakken ganyen albasa ko zogale a sama yana jan idonsu sosai. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, ka zuba 'yan tsakuwa a ciki don kar su faɗa su jiƙe.

A nan ne kaji suke da amfani na gaske: ka sa 'yan tsakin kaza biyu ko uku sababbin ƙyanƙyasa, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba, a cikinsu, su za su koya musu ci da sha. Bayan mako biyu ka cire su.

Ɗumi kuma makon farko suna son wajen digiri 35, kana ragewa kamar digiri 3 duk mako har su kai mako shida. Ba sai da ma'auni ba, ka kalle su: in sun cure wuri ɗaya suna ta kuka sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna barci to daidai ne. Da yake wuta na yawan ɗaukewa, tukunyar ƙasa da garwashi a ciki an rufe da murfi mai huda tana aiki, amma a bar kafar iska saboda hayaƙin gawayi yana kisa. Mutanen Ngaundere su ƙara kula, can kan tudu ne, dare na da sanyi damina kuma doguwa, ruwan sama ɗaya in ya doki ɗan talotalo mai mako uku da wuya ya tashi.

Hajiya ce daga Kusiri. Abincin da nake ba kajina, dusa da dawa, zai ishi talotalo?

Ranki ya daɗe, babba zai iya rayuwa a kai in yana fita yana kama fara da ƙwari da ciyawa, amma ƙanana ba zai ishe su ba ko kusa. Ɗan talotalo yana girma da sauri, a makonnin farko yana buƙatar abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 28 cikin 100, abincin buhu na 'yan tsakin kajin nama kuwa wajen 21 zuwa 23 yake, dawa da masara zalla ko 12 ba sa kaiwa. Shi ya sa ake ganin ɗan talotalo mai wata biyu ƙafafu sun karkace gashi ya yi buzu-buzu.

Da yake abincin talotalo na musamman ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba, abin da ya fi sauƙi shi ne ki sayi na 'yan tsakin kajin nama, kowane kilo 4 ki ƙara kilo 1 na garin busasshen kifi marar gishiri, ke da kike bakin kogin Lagon kifi ba zai yi miki wuya ba, mu nan na tafkin Lagdo muke samu. Waken suya ma yana yi amma sai an soya shi sosai kafin a niƙa, ɗanye yana hana narkewar abinci. Gara kuwa babu kamarta, a cika tsohuwar tukunya da busasshiyar kashin shanu da karan dawa a yayyafa ruwa a kife a bakin shuri da yamma, da safe a ɗauko a zazzage musu. Daga wata biyu ki fara ƙara masara da dawa da dusa a hankali kina rage kifin.

Abu biyu da za ki kiyaye a abincin buhu. Na kaji masu ƙwai kar ki ba ƙanana, sinadarin ƙashi da ke ciki ya yi musu yawa yana lalata ƙoda. Sannan wani abincin kajin nama ana zuba masa maganin zawon jini, in kin ga an rubuta salinomisin ko narasin a takardar buhun kar ki ba talotalo, ga kaza magani ne ga shi guba ne, ƙafafu ke mutuwa ya faɗi.

Ƙuli-ƙuli da tunkuzar auduga fa, tunda su ne a kusa da mu?

Ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau in sabo ne busasshe kuma ba gishiri da yaji. Amma wanda ya sha danshi ya yi fumfuna, ko gyaɗa ko masarar da ta yi kore-kore a buhu, wallahi gara ka zubar. Fumfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin, kuma cikin tsuntsayen gida talotalo na daga cikin waɗanda ba sa jure ta ko kaɗan. Ta kansa ma aka gano gubar: a 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi sai aka tarar garin gyaɗa ne da aka shigo da shi daga Brazil. Abin da kazar gida za ta ci ta wuce, shi zai kwantar da ɗan talotalo.

Tunkuzar auduga da ake samu a yankinmu na kamfanin auduga Sodecoton ta fi dacewa da shanu da tumaki. Tana da wani sinadari, gosipol, da ke hana tsuntsu girma yana kuma ɓata launin gwaiduwa. Ƙanana kar a ba su, manya ɗan kaɗan a cikin haɗi.

Wace rigakafi zan yi musu, kuma yaushe?

Ta farko ita ce ta annobar kaji, Niyukasal, wadda ke zuwa da hunturu ta share unguwa guda, kaji na zawo kore suna murɗe wuya. Tana kama talotalo ma, don haka ranar da za a yi a yi wa kowa har zabi. Kar ka jira sai Disamba ka ji an fara mutuwa a maƙwabta, ka yi tun Oktoba ko farkon Nuwamba. Akwai ta ɗigawa a ido da ake maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, akwai ta allura da ta fi daɗewa a jiki. A nan kusa da mu a Bokle, cibiyar gwamnati ta LANAVET na haɗa rigakafin dabbobi har da na kaji, ka je ofishin likitan dabbobi na yankinku da ke ƙarƙashin MINEPIA, ma'aikatar kiwo ta Kamaru, ka tambaya, 'yan uwanmu na Chadi su ma su tambayi ma'aikatan kiwo na yankinsu. Kwalba ɗaya ta tsuntsaye da yawa ce, ku haɗa kai da maƙwabta ku yi rana ɗaya, a ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara, a yi da sassafe, kuma ba a yi wa wanda ya riga ya kamu.

Ta biyu ita ce ta ƙurajen kai da sauro ke yaɗawa da damina. Talotalo da yake kansa da wuyansa ba gashi ya fi kaza shan wahala, ƙurajen na rufe masa ido har ya kasa ganin abinci ya mutu da yunwa. Kaza a fatar fiffike ake soka mata, shi talotalo a cinya ake yi, saboda yana kwana da kai a ƙarƙashin fiffike, in an yi a nan zai shafa a fuska. Tsohon gidan sauro a kan kejin ƙanana ma yana taimakawa ƙwarai.

Talotalona fuskarsa ta kumbura a ƙarƙashin ido, yana atishawa.

Mafi yawa mura ce ta wata ƙwayar cuta mai suna maikoplasma, ita ma kaji ke ɗauke da ita a ɓoye. Ware shi, rage ƙura da warin kashi a ɗakin, ka kira veterinar ya ba da maganin da ya dace. Wanda ya warke yana iya ci gaba da ɗauke da ita kuma tana bi ta ƙwai, kar ka bar shi a masu haihuwa.

Toron talotalo yana dukan zakarana, har ya taɓa danne kaza. Al'ada ce?

Yana faruwa, musamman lokacin barbara ko in ba shi da mata. Nauyinsa ya ninka na kazar gida sau da yawa, in ya hau ta yana iya karya mata baya, kuma ba abin da za a samu, kaza da talotalo ba sa haihuwa tare. Toro ɗaya ka ba shi mata biyar zuwa takwas, kar ka bar toro biyu manya a ƙaramin fili, a wajen cin abinci kuma ka raba mazubi nesa da juna. Yara ƙanana ma a riƙa kula da su kusa da shi.

Zafin bazara ba ya kashe su?

Yana yi, babban toro mai ƙiba ya fi kazar gida jin jiki in rana ta haura digiri 40. Inuwar dogon yaro ko rumfar zana ta fi ta kwano, ruwa a kasko na ƙasa a canza sau uku a yini, abinci da sassafe da bayan la'asar, da tsakar rana a bar su su huta. Kar a yi jigilarsu a moto da azahar an ɗaure ƙafafu kai na lilo.

Baba, da guda nawa zan fara, kuma ƙanana zan saya ko manya?

In ba ka taɓa yi ba ɗana, ka fara da toro ɗaya da mata biyu ko uku 'yan wata huɗu zuwa biyar, sun wuce lokacin haɗari kuma kana da watanni na sanin halinsu kafin su fara ƙwai wajen wata bakwai zuwa takwas. Na san 'yan kwana bakwai sun fi araha kuma suna shiga rai, amma asarar mai koyo a nan take. Ka sayi toron a wani gida matan a wani gida don kar su zama 'yan uwan juna. In da hali ka je gidan mai su ka ga inda suke kwana da irin kashin da ke ƙasa, ya fi saye a kasuwa inda tsuntsayen ƙauye goma suka kwana a kwando ɗaya. Kuma duk abin da ka shigo da shi, kaza ko zabo ko talotalo, ya yi mako biyu zuwa uku a ware kafin ya haɗu da naka, har wanda ka kai kasuwa bai sayu ba ka dawo da shi.

Macen talotalo tana son ɓoye sheƙa, sai ta bi bayan danga ta tara ƙwai 10 zuwa 15 a cikin ciyawa inda kare ko tunku zai same su. In ka ga ta fara zagaye ita kaɗai tana leƙe-leƙe, ka tsare ta har hantsi a rumfa da kwando mai ciyawa a lungu mai duhu.

Yaushe ya fi kyau a sayar?

Kasuwar talotalo ta fi tashi a ƙarshen shekara, Nowel da sabuwar shekara, sai lokacin Sallah da bukukuwa, da masu otel da gidajen abinci. Yana ɗaukar wata shida zuwa bakwai kafin ya cika, kenan na Disamba sai an ƙyanƙyashe shi wajen Mayu ko Yuni, ka ga ƙuruciyarsa ta faɗa daidai cikin damina, lokacin tana da sauro da danshi, shi ya sa kejin nan mai ƙafafu ba abin wasa ba ne. A tsawon watannin nan talotalo ci kawai yake ba ya kawo ko sefa ɗaya, kajin ne za su riƙe gidan da ƙwai da ɗan zakaran da za a sayar a sayi dusa, don haka kar ka sayar da kajinka duka ka zuba a talotalo. Ka nemi mai saye tun Nuwamba, ka kuma ƙara tsaro a watan, don ɓarayi ma sun san lokacin.

In na wayi gari na ga kaji da talotalo suna ta faɗuwa da yawa lokaci ɗaya fa?

Wannan ba na buɗe ciki da wuƙa ba ne. Mutuwa mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, tsuntsu na lafiya da dare da safe gawa, kai ya kumbura ƙafafu sun yi ja, yana iya zama Niyukasal yana kuma iya zama murar tsuntsaye, wadda aka taɓa samu a agwagi a Marwa a 2006 ta kuma sake ɓulla a Yawunde a 2016, kuma ita tana iya kama mutum. Kar ka yanka ka ci, kar ka kwashi sauran ka ruga kasuwa da su, kar yara su taɓa gawar. Rufe wurin, hana maƙwabta shiga, ka sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar, su za su ɗauki samfur su gaya maka yadda za a binne da yadda za a wanke wurin da kuma tsawon lokacin da za ka jira kafin ka sake zuba wasu.